Jinin da Bai Daina Amsawa Ba

Mutum na farko da ya cuce ni a ƙasar Jamus Bahaushe ne, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A tashar jirgin ƙasa ya tsince ni, ina tsaye da jaka ina kallon rubutun da ban iya karantawa ba. Ya yi mani sallama da harshen mutanen Maraɗi, ya ce shi ɗan Tasawa ne, ya tambayi garinmu. Da na ce Jibiya sai ya rungume ni, wai ai mu 'yan gida ɗaya ne, Bature ne ya ja layi a tsakaninmu. Ya ce yana da ɗaki. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya kai ni wani gida, ya tura wata ƙofa a ƙarƙashin bene, ya ce in huta zai je ya kawo katifa. Ina nan ina jiran katifar har yau. Ɗakin na ajiye kekuna ne, kuma ba nasa ba ne, ƙofar ce kawai ba a kullewa.

Washegari mai gidan ta same ni ina salla a tsakanin kekuna. Tsohuwa ce doguwa, Turancinta kaɗan ne, ni kuma ba na jin yarensu ko kaɗan. Ta tsaya har na sallame, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi mani alama da hannu in biyo ta. Na ɗauka wurin 'yan sanda za mu. Sai ta hau da ni bene, ta buɗe wani ɗaki mai gado a gyare, da takalma jere a bakin ƙofa, da riguna a rataye. Ta ce na ɗanta ne, ya yi tafiya, in zauna kafin ya dawo. Ta ciro wata rigar sanyi mai nauyi ta ɗora mani a kafaɗa, ta yi mani daidai kamar an auna ni. Sai da na yi watanni ina yawo a cikinta kafin wani Baturke mai gasa burodi a layin ya gaya mani cewa ɗan ya mutu da daɗewa, a kan babur, kuma kowa a unguwar ya san rigar. A nan na gane abin da ya sa tsofaffin layin suke kawar da kai in na wuce. Ban cire ta ba, don sanyin ƙasar ba ya barin mutum ya yi zaɓe, amma daga ranar ban ƙara sa hannu a aljihunta ba.

Ni ɗan mahauci ne. Mahaifina yana da rumfar nama a Magama, daidai inda motocin Nijar suke tsayawa a ɗaga masu sanda kafin su shigo Jibiya. Na karanta aikin likitan dabbobi, aka kuma ajiye ni a wannan bakin iyakar ina duba shanu da raƙuma da jakunan da ake shigowa da su. Lokacin ba a daɗe da kawo shari'a ba. Masu giya da 'yan caca sun kwashe nasu ya nasu sun koma tsallake, motocin haya mata a baya maza a gaba, kowa ya shiga taitayinsa. Aikina bai gundure ni ba, kuma da don kaina ne da ban je ko'ina ba. Yarinyar ce ta fitar da ni.

'Yata ta fari nake nufi. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban manya, ba ya tambayar lafiyarsa a fili. Da aka yaye ta aka kai ta ɗakin iyayena, ta tashi tana ce mani Yaya kamar sauran yaran gidan, mahaifina kuma yana ce mata amaryarsa, irin wasan kaka da jika. An haife ta da sikila, abin da tsofaffi suke kira amosanin jini. In ciwon ya tashi sai ta ƙanƙame ƙafafunta tana ihu, ƙashi yana sara ta ciki, a waje kuwa sau da yawa ba ka ganin komai. Ni da na yi karatun nakan tsaya a zaure ina ji, ba halin in shiga in ɗauke ta. Don haka da na ji ana neman wanda ya iya riƙon dabbobi a wani ɗakin bincike da ke aiki a kan wannan ciwon, kuma za a bar shi ya haɗa da karatu, ban yi shawara da kowa ba sai da komai ya kankama.

Ɗakin binciken a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga ko ɗaya. Ka shiga da hantsi ka fito da la'asar ba ka san ko rana ta leƙo ba. Shugabarmu wata farfesa ce mai ƙaramin jiki da sanyin hannu, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ita ta nuna mani na'urar a ranar farko. Ana sa ɓera barci da wata iska, a kwantar da shi a kan ɗan faranti mai ɗumi, a shimfiɗa kunnensa a ƙarƙashin wani ƙaramin kwano mai ruwa. Sai a kashe fitila, kowa ya sa tabarau mai duhu, a saki wani haske mai walƙiya yana faɗawa a kan kunnen, tas, tas, tas. Jini yana shan hasken, ya ɗan yi ɗumi, ya ɗan kumbura, kumburin nan ya ba da wani sauti siriri wanda kunnen mutum ba ya kamawa. A cikin ruwan akwai wani abu da ke saurare, kuma abin da ya ji shi kwamfuta take zanawa.

Na tsaya ina kallo hanyoyin jini suna fitowa a allon ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, har da waɗanda suka fi gashi siranta. Ja inda jinin yake ɗauke da iskar numfashi, shuɗi inda ya sauke ta. Ɓeran kuwa yana kwance yana numfashinsa, ba a yanka ba, ba a tsaga ba, ko ɗigon jini bai zuba ba. Ni da na tashi a gidan da ba a ganin cikin dabba sai an yi bisimilla an sa wuƙa. Na kama karanta duk abin da ya zo bakina. Farfesa ta lura. Ta ce mani a taƙaice su da haske suke tambaya, jini kuma da murya yake amsawa, aikina shi ne in tabbata mai jinin yana da rai har a gama.

Ɓerayen da aka ba ni ba irin na rumbu ba ne. An kiwata su ne da jini irin na yarinyar. In an kwantar da ɗaya sai a rage masa iskar numfashi kaɗan, da gangan, don ciwon ya tashi. A allon sai ka ga ƙananan hanyoyin suna toshewa, ja yana komawa shuɗi, wannan reshe ya tsaya cak, sannan na kusa da shi. Ranar da na fara gani sai da na fita na zauna a matakala na dafe kai. Shekara da shekaru ina jin ihun nan daga zaure, ashe ga abin da ke faruwa a ciki. In an mayar da iskar kuma sai jan ya dawo a hankali, ɓeran ya farka ya kama goge fuskarsa da hannu biyu kamar ba abin da ya same shi. Wannan dawowar ita ta riƙe ni a ƙasar, ba don haka ba da tuni na tattara.

Don zaman bai yi mani daɗi ba. Ka shiga mota cike da mutane ba mai ce maka sannu. Ka wuni ba ka ji kiran salla ba, sai dai ka dubi agogo ka nemi lungu. Na yi kewar ƙaurin rumfar Baba, na yi kewar hayaniyar 'yan kamasho, har rigimar Fulani masu shanu in na ce saniya ba za ta wuce ba sai da na yi marmarinta. Baturken nan mai burodi shi ya nuna mani wani ɗaki a bayan shagon taya inda ake Juma'a, kuma da azumi yakan ajiye mani burodi mai zafi a takarda, ya ƙi karɓar komai.

Abokan aikina ba miyagu ba ne, tambaya ce ta yi masu yawa. Da suka ji daga inda na fito, kullum sai wani ya tambaye ni ko na taɓa ganin an yanke hannu. Na gaji na ce masu a layinmu mahaifina ne mai yanka, shi ma sai mai ƙafa huɗu. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin, mai son wasa, ya taɓa rage wa sautin nan na jini sauri har ya kai yadda kunne zai kama, ya sa mana a lasifika muna tsaye a duhu. Abin da ya fito ba kuka ba ne, ba kiɗa ba ne. Ƙwanƙwasa ce 'yar ƙarama a jere, kamar wani yana buga ƙofa da farce daga ciki. Suka yi ta dariya, ni na ce don Allah ya kashe.

Marta, matar da muke share kejin ɓeraye tare, ita ta fi kowa kirki. Ta koyi abin da nake ci da wanda ba na ci ba tare da ta mayar da shi abin zance ba, takan kawo mani miyar wake a gwangwani. Ita kaɗai na gaya wa dalilin zuwana. Wata rana muna aiki ta tambayi sunan yarinyar. Na buɗe baki, sunan yana kan harshena, ya ƙi fita. A ƙasar da ba wanda ya san ni, ba babba ba yaro, amma bakina ya yi nauyi kamar mahaifina yana tsaye a bayana. Na ce mata a wurinmu ba a faɗa. Ta dube ni wani iri. Na san ta ɗauke ni uban da bai damu ba, kuma abin ya yi mani zafi ƙwarai.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Yayana Sani yana da wayar hannu a shagonsa kusa da rumfar Baba, in an sauko daga masallaci sai ya miƙa masa. Gaisuwa ce mai tsawo, ni ina tambayar mutanen gida a dunƙule, shi yana cewa kowa lafiya. Aikina bai taɓa kwanta wa Baba ba. Ranar da na kwatanta masa shi, sai ya ce:

"Abin da Allah ya ruhe da hwata ku ke leƙawa, dabba na da rai? To, Allah shi sa ku ga alheri."

Ya san ba zan iya tambayar yarinyar ba, don haka ya samo mani hanya. Kafin mu yi sallama sai ya kawo mani ƙarar amaryarsa. Yau ta hana shi goro, wancan mako ta ce ya tsufa za ta sake miji, wata rana ta zuba masa gishiri a fura. Ni in yi murmushi, in ce Allah ya ba da haƙuri, a haka nake sanin ta tashi, ta ci, tana da ƙarfin yin ɓarna. Wani lokaci in tana wurin yakan kara mata wayar a kunne. Ba ta magana, ni ma ba na yi, sai dai in ji numfashinta da ƙarar motoci a bayanta. Da wannan numfashin nake kai wa wata Juma'ar.

A ƙarshen sanyina na biyu abin ya faru, da rana tsaka, sauran sun tafi cin abinci sun bar ni ni kaɗai. Wata 'yar ɓera ce ƙarama, an rage mata iska an mayar kamar kullum. Hasken yana ta faɗawa, hoto yana ta fitowa, hanyoyin jinin duk suna nan cif, ba wadda ta ɓace. Shuɗi ne dai ya yi yawa, na ce yanzu jan zai dawo. Na zauna ina ɗaukar hoto bayan hoto, hankalina kwance tunda na'ura tana samun amsa. Da jiran ya yi tsawo na tsayar da hasken, na kunna fitila, na ɗaga ƙyallen da ke rufe da ita. Ta daɗe da mutuwa. Jikinta da ɗumi, amma ɗumin farantin ne.

Ban yarda ba. Na sake kashe fitila na saki hasken a kan kunnen gawar. Amsa ta zo kamar da, hanyoyin suka fito ɗaya bayan ɗaya. Na bar ɗakin ko tabarau ban cire ba. Da na gaya wa Farfesa ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce jini ba ya buƙatar rai kafin ya amsa, muddin yana kwance a jijiya zai ci gaba, launi ne kawai ke sauyawa, kuma shi ya sa aka ɗauke ni, in riƙa duban ƙirji ba allo ba.

Juma'ar da ta biyo baya, Baba ya ce amaryarsa ta ɓoye masa hula, ya fito kasuwa kai ba komai mutane suna yi masa dariya. Na ce Allah ya ba da haƙuri. Sai da na ajiye wayar na tuna ai makon jiya ma hular ce. Na ce tsufa ne. Wata Juma'ar ta zo, hula. Kalmomin ma ba su sauya ba, har inda yake tsayawa ya yi 'yar dariya, nan yake tsayawa. Na koma baya a raina ina lalube, na kasa tuna ranar da na ji numfashin nan na ƙarshe. Kullum sai a ce tana makarantar allo, ko ta bi kakarta unguwa. Na nemi a ba ni matata Binta in ta shigo ranar kasuwa, Yaya Sani ya ce ta je Gangara ganin gida, can ba sabis. Wata ya juya, tana Gangara har yanzu.

Na yi ta maza na tambayi Yaya Sani ko wani abu ya faru.

"Mi ka ji? Kowa lahiya lau. Kai dai ka yi abin da ya kai ka."

Muryarsa daidai, ko rawa ba ta yi. Amma na san mutanena. Matafiyi ba a gaya masa mutuwa, balle wanda ya tafi neman ilimi. Sai ya dawo, ya sha ruwa, ya huta, sannan a sa wani babba ya zaunar da shi. In gari ya haɗa baki a kan wannan, ko yaro ba ya kuskure.

Tsoro ya shige ni irin wanda ban taɓa ji ba. Abinci ya fita raina. A wurin aiki sai in ɗora yatsa a ƙirjin kowane ɓera in ƙi ɗagawa, har hannuna yana shiga hoto ana yi mani faɗa. Na je na ce wa Farfesa zan tafi gida. Ta tambaya ko an gaya mani wani mugun labari. Na ce a'a, an ce kowa lafiya. Ta ce to don me? Na rasa yadda zan yi mata bayani, na ce don sun cika faɗin haka. Ta dube ni kamar mai taɓin hankali. Ta ce aiki yana tsakiya, in na tafi yanzu ba za ta iya yi mani alkawarin gurbina ba. Na ce na ji.

Marta ce ta nemo mani kujera a jirgin da ke sauka Yamai, don shi ne mafi kusa tashi, ta kuma kai ni tasha a motarta. Da za mu rabu ta ce in gaishe mata da yarinyar, ko mene ne sunanta. Rigar sanyin na ninke ta na ajiye a kan gado. Tsohuwa mai gida ta raka ni har ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce kada in damu, za ta ajiye mani ɗakin yadda na bar shi har in dawo. Na zare hannuna a hankali.

Ban gaya wa kowa ina tafe ba. Na sauka Yamai a tsakiyar bazara, zafi ya mare ni tun daga matakalar jirgi. Na shiga doguwar mota zuwa Maraɗi, muka wuce Dogon Dutsi, muka wuce Birnin Ƙonni. Wani dattijo mai sayar da fata da ke zaune kusa da ni ya ga ban ci komai ba, ya ɓallo mani kilishi ya ce in ci ko don hanya. A nan ba wanda ya san ni, kowa yana harkarsa, yaran mota suna zagin juna, kuma hakan ya ɗan kwantar mani da hankali. Na yi ta ce wa kaina mutum ne kawai ya tsufa yana maimaita labari.

A tashar Maraɗi abin ya fara. Direbobin layin Jibiya duk sun san ni. Mamman direba, wanda muka sha faɗa da shi a kan awakin da yake cusawa a but, ya hango ni ya ɗaga hannu zai yi ihun murna, sai hannun ya tsaya a sama. Ya zo ya karɓi jakata ya yi mani sannu da hanya a hankali. Ya sa ni a gaba ni kaɗai, kujerar da yake cusa mutum biyu. Motarsa ba ta tafiya sai da kaset ɗin wa'azi a ƙure, ranar bai kunna ba. Wata mata daga baya ta leƙo ta ce, ai kai ne ɗan mai naman Magama, Allah sarki. Mamman ya dube ta ta madubi, ta koma ta jingina, ba ta ƙara cewa komai ba har muka rabu.

A Ɗan Isa jandarma da 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, sukan shanya mutum a rana har sai ya gaji da kansa. Wanda ya karɓi fasfona ya san ni tun ina aikin iyaka. Ko buɗe jakata bai yi ba. Ya buga hatimi, ya miƙo mani da hannu biyu, ya ce sannu dokta, ya sake cewa sannu. Muka shiga filin nan da ke tsakanin ƙasashen biyu. Rumfunan da masu giya suka kakkafa bayan shari'a duk a rufe da rana, karnuka kwance a inuwarsu. Ba motsin komai sai ƙarar injin. Na so in tambayi Mamman, na san zai ce lafiya lau, na fasa.

Rana tana tsaka aka ɗaga mana sanda a Magama. Ilu ɗan dako, wani dattijo mutumin Maraɗi da ya yi shekaru yana ce mani likitan jakai yana sa ni in saya masa shayi, shi ya buɗe mani ƙofa. Na jira tsiyarsa, ba ta zo ba. Ya rusuna ya gaishe ni kamar wani hakimi, ya ɗora jakata a kai, ya shige gaba ba tare da ya tambayi inda za mu ba. Na bi shi. Masu canji da masu shayi da 'yan kamasho suna miƙewa in na zo wucewa, kowa sannu da zuwa, murya ƙasa-ƙasa. Mutum ya dawo daga Turai a garinmu, amma ko mutum ɗaya bai ce ina tsaraba ba. Yaya Sani yana zaune a ƙofar shagonsa. Da muka haɗa ido ya miƙe ya shige ciki, bai fito ba.

Baba yana tsaye a rumfarsa yana sara, kansa ba hula a cikin wannan rana. Tun tasowata ban taɓa ganin furfurar kansa a bainar jama'a ba. Ya gan ni, bai yi mamaki ba, na san labari ya riga ni tun daga Maraɗi. Ya ajiye wuƙar, ya wanke hannu da buta, ya zauna a kan benci ya nuna mani gefensa. Na durƙusa a ƙasa. Ya sa aka kawo mani ruwa ya ce in sha, na sha. Ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen can. Na tambayi mutanen gida, ya ce lafiya lau. Sai ya gyara murya, ya dubi wani wuri a bayan kaina, ya fara:

"Ka ga amaryar tawa, hula ta ɗauke mani ta..."

"Baba, ina Rukayya?"

Ban taɓa faɗin sunan nan a gabansa ba. Ban ma san yadda yake a bakina ba sai ranar. Masu jiran nama suka ja baya, Ilu ya sauke jakar ya juya mana baya. Baba ya dubi ƙasa.

"Tun cikin ɗari," in ji shi. "Ciwon ya taso mata da hantsi. Kahin mu kai Katsina ta cika, bisa cinyata."

Na yi salati, ban san ko a fili ko a zuci ba. Ya ce sun zauna sun yi shawara, shi ya yanke. Don ita na tafi, in na ji zan baro karatun, a yi asara biyu. Binta ta ce ba za ta iya jin muryata ta yi shiru ba, shi ya sa aka kai ta gidansu. Ina ji, ina so in yi fushi, na rasa wanda zan yi wa. Tsohon da ke gabana ya rame, wuyansa duk jijiya.

"Hular kau ba ƙarya ni ke maka ba," ya ce. "Da sahen ranan ta ɗauke ta, ta ce sai na sai mata alewa ta hiddo. Ba ni da wani labari bayan wannan. Shi ya sa ni ke ta ba ka shi."

Na tambaye shi ko an ga hular. Ya shafa kansa da tafin hannu.

"Mun duba ko'ina. Ita ɗai ta san inda ta sa."

Ya ce wa Ilu ya kula masa da rumfa. Sannan ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce in taso ya nuna mani inda suka sa ta.